Tambaya da Amsa: Wai ƙuri'ar jin ra'ayi tana faɗin gaskiya a zaɓen fidda gwani?

Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka taru, maganar ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da ake yi kafin jam'iyyu su tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa, wasu na ɗan rage musu tsawo, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ina bin siyasar Amurka a rediyo da waya, kullum sai ka ji an ce ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna wane ne a gaba a zaɓen fidda gwani, amma da an yi zaɓen sai ka ga wani can daban ya lashe. Wai masu yin abin nan ba su iya ba ne ko dai ƙarya kawai suke shararawa mutane?
Daga wani ɗalibi, Samaru Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan samari. Ba ƙarya ba ce, kuma ba wai ba su iya ba ne, amma fa ka gano wani abu na gaskiya, a zaɓen fidda gwani suna shan ƙasa sosai fiye da yadda suke sha a babban zaɓe. Shafin nan na FiveThirtyEight da ya shafe shekaru yana tara irin waɗannan alƙaluma yana gwada su da sakamakon zaɓe, lissafinsa ya nuna a fidda gwanin shugaban ƙasa tazarar da ake hasashe takan kauce wa ta gaskiya da kamar maki 9 zuwa 10, alhali a babban zaɓe kamar 4 ne zuwa 5. Ka ga ke nan idan aka ce maka wane yana gaba da maki 6 ko 7 a jiha kaza, to kawai ka ɗauka har yanzu ba a san maci tuwo ba.

Dalilin bai da wuyar ganewa. A babban zaɓe ɗan Dimokurat ya san inda zai dangwala tun kafin a fitar da 'yan takara, ɗan Rifablikan ma haka, 'yan tsakiya ne kawai ke wahalar da masu bincike. Amma a fidda gwani duk 'yan gida ɗaya ne, mutum yana son wannan yana son wancan, na ukun ma bai ƙi shi ba, to mutum irin wannan in ka kira shi ranar Juma'a ya ce maka wane, ba ƙarya ya yi maka ba, amma kafin Talata ya kalli muhawara ɗaya ko ya ji gwaninsa ya faɗi a wata jihar sai ya sauya, kuma bai jin ya ci amanar kowa tunda duk jam'iyyarsa ce.

Dubi abin da ya faru a fidda gwanin Dimokurat na jihar New Hampshire a 2008. Ranar 3 ga Janairu Obama ya ci Iowa, Hillary Clinton ta zo ta uku, kwana biyar kacal tsakani aka shiga New Hampshire. Duk wani bincike da ya fito a 'yan kwanakin nan Obama ya ba, matsakaicin tazarar kamar maki 8, cibiyar bincike ta Gallup ma har 13 ta ba shi, 'yan jarida har sun fara rubuta labarin ƙarshen siyasar Hillary. Da aka ƙirga sai ga ta da kashi 39 shi da 36 da ɗan ɗoriya. Abin ya ba su kunya har ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka ta kafa kwamiti ya bi diddigi, kuma cikin abubuwan da suka gano akwai cewa da yawa sun rufe tambayoyinsu da wuri, ba su kama waɗanda suka yanke shawara a ƙarshe-ƙarshe ba, sannan irin mutanen da ke goyon bayanta sun fi wuyar samu a waya. Ranar jajibirin zaɓen ne fa muryarta ta yi rawa kamar za ta yi kuka tana amsa tambayar wata mata a wani gidan shan kofi a Portsmouth, talabijin suka wuni suna maimaitawa, washegari mata suka fito mata sosai. Wanda ya gama kiran waya tun ranar Lahadi ina zai ga wannan?

Amma wanda ya fi muni shi ne Michigan, 8 ga Maris 2016. An ba Hillary tazarar sama da maki 20 a kan Bernie Sanders, FiveThirtyEight ɗin da kansa ya ce damarta ta ci ta haura kashi 99, sai ga Sanders ya ci da kamar maki ɗaya da rabi. Nan matsalar ta daban ce, kuma ita ce nake ganin ta fi muhimmanci ka gane. Mai bincike ba tambaya kawai yake yi ya haɗa lissafi ba, dole sai ya yi hasashen su wa za su fito ranar zaɓe, matasa kashi nawa, tsofaffi nawa, baƙaƙen fata nawa, kuma da zaɓen baya yake auna wannan. To Michigan ba ta da zaɓen bayan da za a dogara da shi, domin a 2008 jihar ta matso da ranar zaɓenta gaba ba da yardar uwar jam'iyya ba, Obama ya cire sunansa daga takardar ƙuri'a gaba ɗaya, ka ga an yi shekaru masu yawa ba a yi takara ta gaske a can ba. Sai suka raina yawan matasan da za su fito, matasan nan kuwa kusan takwas cikin goma Sanders suka yi, ga wasu masu binciken wayar gida kawai suke kira, wane matashi ne yake zaune gefen wayar gida a 2016? Ga shi kuma a Michigan ba sai kana ɗan jam'iyya za ka yi zaɓen ba, 'yan ba-ruwanmu sun shigo da yawa. Har Dearborn, garin da Larabawa da Musulmi suka yi yawa, Sanders ne ya ci, abin da ya ba masu sharhi da dama mamaki ganin shi Bayahude ne.

Na 2020 kuwa sauri ne ya kashe su. Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, kowa ya ce ya gama yawo. Ranar 26 ga Fabrairu Jim Clyburn, babban ɗan majalisa baƙar fata da ake jin maganarsa a South Carolina, ya fito ya mara masa baya, ranar 29 ya ci jihar da tazarar kusan maki 29 bayan an yi hasashen kamar 15, ranar 1 ga Maris Buttigieg ya janye, ranar 2 Klobuchar ta janye duk suka bi shi, ranar 3 aka yi zaɓen jihohi 14 a rana ɗaya ya kwashe 10, har da Massachusetts jihar Elizabeth Warren inda ita ta zo ta uku. Binciken da aka yi mako guda kafin nan sunayen mutanen da ba sa takarar ma yake ɗauke da su.

Sai dai kar ka tafi da cewa shirme ne gaba ɗaya. Tun watan Yulin 2015 alƙaluma ke nuna Trump a gaban 'yan Rifablikan, wata bayan wata, manyan masu sharhi suna ta cewa guguwa ce za ta wuce, ba ta wuce ba. A nan alƙaluman ne suka yi gaskiya, masanan ne suka ƙi yarda da abin da ke gabansu. Haka 2024, an yi ta zuzuta tazararsa a kan Nikki Haley fiye da yadda ta fito, a New Hampshire maki 11 ya ba ta, a South Carolina 20, duk ƙasa da hasashe, amma wanda aka ce zai ci ɗin shi ya ci. Ni dai abin da na riƙe, tazara babba wadda ta daɗe ba ta motsa ba ka yarda da ita, ƙaramar tazara a jiha ɗaya kuma ga 'yan takara biyar shida, wannan labari ne na cika shafin jarida.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda za a tambayi mutum 1,000 a ce an ji ra'ayin miliyoyi. Ni ko a ajina na yara 70 in na tambayi biyar ba zan ce na ji na kowa ba.
Daga wata malamar makaranta, Katsina

AMSA: Malama barka kadai. Je ki kasuwar Dawanau ki ga yadda mai sayen hatsi yake yi, ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya, ƙarfen nan mai rami yake sokawa ta sama da tsakiya da gindi ya duba abin da ya fito, kuma ya ishe shi. Inda ake cutarsa shi ne in ya buɗe baki kawai ya ɗebi na sama, mai kaya kuwa ya riga ya jera mai kyau a nan. To haka abin yake, yawan da aka ɗiba bai kai muhimmancin ta inda aka ɗiba ba.

A lissafi, in an zaɓo mutum 1,000 ba tare da son rai ba, kuskuren bai cika wuce maki 3 sama ko ƙasa ba, in 600 ne ya zama 4, in 400 ne ya kai 5. Binciken fidda gwani na jihohi kuwa sau da yawa ɗaruruwan nan ne, saboda tsada, sai ka kira mutane da yawa kafin ka samu wanda zai fita zaɓen fidda gwani. Kuma wannan lissafin na kowane ɗan takara ne shi kaɗai, tazarar da ke tsakanin biyu kuskurenta kusan ninki ne, abin da 'yan jarida ba sa son faɗa kenan.

Misalin da ake koyar da ɗalibai shi ne na 1936, duk da babban zaɓe ne. Mujallar Literary Digest ta aika takardu miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen daga littafin masu waya da masu mota ta kwaso su, lokacin da talaka ko abinci da ƙyar, kuma masu jin haushin gwamnati su suka fi zumuɗin mayar da amsa. George Gallup da mutane ƙalilan in aka kwatanta ya faɗi daidai wanda zai ci.

Yanzu babbar damuwar ita ce mutane sun daina ɗaga waya. Cibiyar Pew ta ce a 1997 kashi 36 na gidajen da take nema suna amsawa, zuwa 2018 ya koma kashi 6, to su waye shidan nan da ke da lokacin zama minti ashirin suna amsa wa baƙo tambayoyi, kuma ra'ayinsu ɗaya da na sauran 94 ɗin? Sannan ki ƙara da cewa fitowa zaɓen fidda gwani kaɗan ce. Iowa mai mutum sama da miliyan 3, a taron 'yan Rifablikan na Janairun 2024 mutum kamar 110,000 ne suka fito saboda wani mugun sanyi da aka yi, a 2016 kuwa sun haura 180,000. Nemo waɗannan 'yan tsirarun a waya shi ne aikin, kowa ka tambaya cewa zai yi zai fita.

TAMBAYA: Salam Malam. Mu nan mun fi jin labarin Faransa. Su ma suna da wannan matsalar ko ta Amurkawa ce kawai? Kuma binciken da ake yi shekara guda kafin zaɓe yana da wani amfani?
Daga wani mai karatu, Maraɗi

AMSA: Suna da ita ɗan'uwa. A 2016 masu ra'ayin riƙau na Faransa sun yi zaɓen fidda gwani a buɗe, duk wanda ya biya yuro 2 ya sa hannu a takarda zai iya jefa ƙuri'a, mutum sama da miliyan 4 suka fito. Wata da watanni ana cewa kokawar tsakanin Alain Juppé da Sarkozy ce, François Fillon yana can baya. Sai a makonnin ƙarshe bayan muhawarorin talabijin ya fara hawa, masu bincike sun ga hawan amma ba su ga girmansa ba, ranar 20 ga Nuwamba ya samu kashi 44, Sarkozy ya zo na uku ya fita, zagaye na biyu Fillon ya cinye da kamar kashi biyu bisa uku.

Na shekara guda kafin zaɓe kuwa, yawanci sanin suna yake aunawa. Rudy Giuliani ya shafe kusan duk 2007 yana kan gaba a 'yan Rifablikan, ko jiha ɗaya bai ci ba, ya janye ƙarshen Janairun 2008, McCain ya ɗauki tuta. Howard Dean na Dimokurat haka ya yi tashe ƙarshen 2003 ya zo na uku a Iowa. A 2011 ma kamar layi aka bi, Rick Perry ya hau ya sauka, Herman Cain ya hau ya sauka, Gingrich ma haka, a ƙarshe Romney ɗin da ake ta gudu shi aka tsayar.

TAMBAYA: Malam don Allah mu dawo gida. A 2022 kullum a Facebook da Tuwita ana ta zaɓen gwaji, wasu 'yan takara suna cinyewa da rata mai yawa, amma da aka je Abuja labari ya sha bamban. Shin a Najeriya akwai binciken da zai iya gaya mana wa zai samu tikiti?
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari Kano

AMSA: Alhaji, na Facebook da Tuwita dai mu ajiye shi gefe tun yanzu, wannan ba bincike ba ne, gasa ce ta wanda ya fi yara masu data, mutum ɗaya da waya uku ya yi zaɓe sau uku ya tura wa guruf-guruf a je a taya shi.

Amma ko binciken ƙwarai aka yi, a fidda gwanin 2022 ba waɗanda ya kamata a tambaya ake tambaya ba. A Amurka talakan jam'iyya ne ke fita ya zaɓa, shi ya sa jin ra'ayinsa yake da ma'ana. Mu kuwa manyan jam'iyyun biyu daliget suka yi amfani da su, kuma a shekarar ma an rage su sosai saboda yadda dokar zaɓe ta 2022 ta fito ba ta haɗa da daliget na dindindin irin su tsofaffin masu muƙamai ba. PDP daliget ɗinta ba su kai 800 ba, APC kuma uku-uku daga kowace ƙaramar hukuma, dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 fa.

Kuma su daliget ɗin ba ra'ayin kansu suke zuwa da shi ba, gwamna ne ya kawo su ya kama musu otal, shi zai ce ga inda za a yi. Ranar 28 ga Mayu a filin wasa na Moshood Abiola, Tambuwal ya hau mumbari a daren ya ce ya janye a bi Atiku, Atiku ya tashi da 371 Wike 237 Saraki 70. Wane bincike ne zai hango wannan, abin da aka ƙulla a ɗaki 'yan awanni kafin nan? A APC kuma ana jibi-jibin gama komai shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka ce ba su san zancen ba mulki Kudu zai koma, aka shiga Eagle Square 'yan takara suka riƙa hawa suna janye wa Tinubu ɗaya bayan ɗaya, ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo da ya fi kowa farin jini a intanet 235, Lawan 152. Ba na ma maganar rahotannin rabon daloli da suka cika gari a lokacin, kai da kake kasuwa ka fi ni jin yadda 'yan canji suka yi ciniki.

To in kana son hasashe a irin wannan tsarin, ƙirga gwamnoni ya fi maka tambayar mutum dubu goma a titi. Inda abin yake ɗan yiwuwa shi ne inda daliget suka yi yawa, kamar Ghana, jam'iyyar NPP da ta tsayar da Bawumia a Nuwamban 2023 daliget kamar 200,000 ne, ya samu kashi 61 Kennedy Agyapong 37, mutane masu yawa haka ana iya ɗibar wasu a tambaye su kuma ba mai iya kulle su duka a otal ɗaya.

Ko a babban zaɓenmu na 2023 ai ka ga yadda ta kaya, binciken gidauniyar ANAP da kamfanin NOI ya yi ta sa Peter Obi a gaba, amma in ka duba ciki kaso mai tsoka sun ce ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗa, mutane suka ɗauki kanun labari suka bar wannan. Cibiyar bincike ta Stears kuwa ta ce in fitowa ta yi ƙaranci Tinubu ne zai ci, fitowar ta tsaya kamar kashi 27, ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1.

TAMBAYA: Malam a taƙaice, ana sayen masu binciken nan ko ba a saye?
Daga wata ɗalibar jami'a, Sakkwato

AMSA: Ƙanwata akwai na saye, har a Amurka. Ofishin kamfe yakan yi nasa binciken, in ya yi masa daɗi ya miƙa wa 'yan jarida, in bai yi ba ya jefa a durowa, shi ya sa duk wanda kika ga ɗan takara ne ya biya kuɗinsa ki rage masa maki da kanki. Amma akwai masu tsare mutuncinsu. A Fabrairun 2020 jaridar Des Moines Register da CNN sun gama bincikensu na ƙarshe kan Iowa, wanda mai bincike Ann Selzer ke yi musu a lokacin kuma duk ƙasar ake jira, an shirya shirin talabijin na musamman, sai aka gano wani mai kiran waya ya tsallake sunan Buttigieg wajen karanto 'yan takara, suka fasa fitar da shi gaba ɗaya suka yi asarar kuɗinsu. In kin ga alƙaluma suna yawo a WhatsApp ki nemi wa ya yi, wa ya biya, yaushe aka yi tambayoyin, in babu ko ɗaya a jiki kar ki wahalar da kanki turawa gaba.

Masu tambaya kan yadda ake raba wakilai tsakanin jihohin Amurka, da mai tambaya kan zaɓen 'yar tinƙe, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.